Waƙa da Mawaƙa a Duniya Cikin Shekarar 1956

Ko wace shekara da abin da a kan tuna ta da shi. Wata a tuna ta da yunwa, wata da fara, wata da annoba, wata da rasuwar wani babban sarki. Tsofaffin Nijeriya ta Arewa sun san 1956 da shekarar zuwan Sarauniyar Ingila da hawan daba da aka yi mata a Kaduna. A sauran duniya kuwa shekara ce ta girgiza. A cikinta Sudan da Maroko da Tunisiya suka sami mulkin kai, aka gwabza yaƙi a kan mashigin Suwez, mutanen ƙasar Hungari kuma suka yi wa Rasha bore. Wanda ya bi labarin shekarar a tsanake zai tarar da mawaƙa a tsakiyar rigingimun nan, wani ya fito daga kurkuku, wani yana gudun hijira, wani littafinsa na kan hanyar zuwa gaban alƙali.

Mawaƙan da a ke nufi a nan su ne na alƙalami, masu tsara baitoci a takarda. Mudu biyu a ke auna aikinsu da shi. Na farko, a duba ko mawaƙin gaskiya ya faɗa, ko kuwa sayen bakinsa aka yi. Na biyu, a duba ginin waƙar, ko yana da ƙwarin da za ta tsaya bayan abin da ya jawo ta ya wuce. Sau da yawa a kan ruɗe, a auna da mudu na farko kaɗai, a ce tun da wane ya sha ɗauri lalle waƙarsa ta yi kyau. Wannan kuskure ne. Ɗauri shaidar jaruntaka ne, amma ba ya ɗora baitin da ya karye. Gaskiya ne waƙa in an juya ta cikin wani harshe zaƙinta ya kan ragu, kamar furar da ruwa ya yi wa yawa. Duk da haka ana iya auna ma'anarta da tsarinta, da irin daɗewar da ta yi a bakin mutanenta. Shekara wajen saba'in ke nan da 1956, watau lokaci ya riga ya ba da tasa shaidar.

Ladan Kuturu

A Rasha, zamanin mulkin Stalin, gwamnati ce uwar ɗakin marubuta. Ƙungiya ɗaya ce tak gare su, wadda ta yi taronta na fari a 1934. Wanda ke cikinta ya sami gida da abinci da damar buga littafi. Wanda aka kora kuwa, da wuya wata maɗaba'a ta taɓa takardarsa. To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Aka cika jaridu da littattafan makaranta da baitocin yabon Stalin. Ya mutu a 1953, sa'an nan ran 25 ga Fabrairu 1956 magajinsa Khrushchev ya tsaya gaban taron jam'iyyarsu, ƙofa a rufe, ya tona irin kisa da ɗaurin da aka yi wa marasa laifi. Maganar ba ta ɓoyu ba. Baitocin yabon nan suka zama abin kunya ga masu su. Ran 13 ga Mayu Fadeyev, wanda ya daɗe yana shugabancin ƙungiyar marubutan, ya harbe kansa, ya bar takarda yana zargin shugabanni da hallaka zaɓaɓɓun marubutan ƙasar.

Amma labarin da ya fi koyar da darasi shi ne na wata mawaƙiya, Anna Akhmatova. An harbe mijinta na fari a 1921, an kore ta daga ƙungiya a 1946, an sake kama ɗanta tilo a 1949. Don neman a sake shi, a 1950 ta tsara waƙoƙin yabon Stalin aka buga. Ba a sake shi ba sai cikin Mayu 1956. Alhali kuwa tun tsakanin 1935 da 1940 ta riga ta tsara waɗansu waƙoƙi na makoki, a kan matan da ke yin layi a ƙofar kurkukun Leningrad cikin sanyi, ko sa ji labarin 'ya'yansu da mazajensu. Waɗannan ba ta yarda su kwana a takarda ba. Aminanta kaɗan suka haddace, aka ƙone rubutun. Sai a 1963 aka buga su a Jamus, a ƙasarta kuwa sai 1987. Duk mai ɗa ba zai ga laifinta ba a kan yabon da ta yi. Abin lura dai shi ne, hannu ɗaya ya rubuta duka biyu, gwaninta ɗaya. Na yabon sun fito ba rai, ba mai karanta su yau sai masu binciken tarihi. Na makokin kuwa su ne a ke juyawa cikin harsunan duniya. Wannan ya nuna gwaninta kaɗai ba ta isa ta hura wa ƙarya rai ba.

A ƙasar Polan, wadda ita ma a lokacin tana ƙarƙashin ikon Rasha, wani saurayi mai suna Zbigniew Herbert ya bi wata hanya dabam. Ya ƙi shiga sahun masu yabo, ya yi ta ƙananan ayyuka don neman abinci yana ajiye waƙoƙinsa. Da aka sami sassauci a 1956 ya fito da littafinsa na fari, mai suna Tsirkiyar Haske, yana da shekara talatin da 'yan kai. Murucin kan dutse ne, bai fito ba sai da ya shirya. Kalmominsa kaɗan ne, ba ihu, ba ado mai yawa. Ya kan ɗauko tsohon labarin Girkawa ya faɗi halin da garinsa ke ciki da shi. Aibin hanyar nan shi ne, wanda bai san labarun ba sai ya tsaya a bakin ƙofa. Amma ba a taɓa samun baitin da zai ji kunyarsa ba bayan gwamnati ta sake.

Waƙa daga Kurkuku

A ƙasar Pakistan, cikin shekarar nan ne aka buga littafin Faiz Ahmad Faiz mai suna Zindan-nama, watau Littafin Kurkuku. An haifi Faiz a 1911, ya fara da karatun Alƙur'ani, ya yi zurfi cikin Larabci da Ingilishi, har ya zama editan jarida. Cikin Maris 1951 aka kama shi tare da waɗansu hafsoshin soja, bisa zargin shirin kifar da gwamnati. Ya yi shekara huɗu a tsare, aka sake shi a 1955.

Da harshen Urdu ya ke waƙa, wanda a ke rubutawa da baƙaƙen Larabci. Ma'aunin waƙarsu kuma daga arulin Larabawa ya samo asali, kamar yadda na rubutattun waƙoƙin Hausa ya samo. Faiz bai yar da kayan da ya gada ba. Tsofaffin mawaƙan harshensa sun saba maganar masoyi da abar ƙaunarsa, da lambu, da tsuntsu cikin keji, da daren rabuwa, da alfijirin da a ke jira. Duk ya riƙe su, sai dai a hannunsa abar ƙauna ta zama ƙasarsa, keji ya zama kurkuku, alfijir ya zama ranar da talaka zai sami adalci. Mai gadi ya karanta ya ga waƙar bege, jama'a su ji su gane habaici. Ƙarfin dabarar nan shi ne, waƙar tana da fuska biyu. Yau an manta da shari'ar da ta kai shi kurkuku, amma waƙoƙin na nan a bakin masu rerawa a Pakistan da Indiya, duk wanda sabon zalunci ya taɓa sai ya ga kamar dominsa aka yi su.

Ba a rasa abin faɗi a kansa ba. Harshensa ya yi nauyi da kalmomin Farisanci, har lebura da manomin da ya ke magana dominsu ba su cika gane shi ba sai da taimakon masu rerawa. Kuma a 1962 ya karɓi lambar girma daga gwamnatin Rasha, masu sukarsa suka ce idonsa ya fi ganin zaluncin gida bisa na abokansa. A ƙarshen 1956 ɗin yana cikin waɗanda suka halarci taron marubutan Asiya a birnin Delhi, taron da ya share hanyar wanda aka yi a Tashkent a 1958, inda marubutan Asiya da na Afirka suka haɗu.

Taron Paris

Babban taron da ya shafi Afirka a shekarar shi ne wanda aka yi a jami'ar Sorbonne ta birnin Paris, daga 19 zuwa 22 ga Satumba. Shi ne karo na fari da marubuta da masu fasaha baƙar fata na duniya suka taru wuri ɗaya. Alioune Diop na Senegal, mai mujallar Présence Africaine, shi ya kira taron, wakilai wajen sittin suka zo daga Afirka da Amurka da tsibiran da ke kusa da ita. Akwai Léopold Senghor na Senegal, da Aimé Césaire na tsibirin Martinique, da Jacques Rabemananjara na Madagaska, mawaƙin da bai daɗe da samun afuwa ba bayan ɗaurin da Faransa ta yi masa saboda boren 1947. Dattijo Du Bois na Amurka bai zo ba, gwamnatinsa ta hana shi fasfo, sai saƙo ya aiko. Amadu Hampate Ba ya yi jawabi a kan al'adun Fulani, Lasebikan na Nijeriya kuma a kan yadda hawa da saukar murya ke aiki cikin waƙar Yarabanci. Babban gibin taron shi ne, ba mace ko ɗaya cikin masu jawabi.

Littattafan waƙa biyu da suka fito a shekarar sun isa su nuna hanyoyi biyu da ke gaban mawaƙan Afirka. Na fari shi ne Éthiopiques na Senghor, watau waƙoƙin Habasha, domin da sunan nan mutanen dā na Turai ke kiran baƙar fata duka. Ɗangayensa dogaye ne, ba amsa-amo, suna tafiya da ƙasaita kamar kirarin sarauta. A kan waƙoƙin ya kan rubuta irin kayan kiɗan da ya kamata a rera su da shi, kamar kora, ko balafon, ko tama, wadda ta yi kama da kalangu. Nufinsa a san waƙa abar ji ce da kunne, ko da an rubuta ta da Faransanci. A nan ya yi nasara, gama ko maƙiyinsa bai musa zaƙin bakinsa ba. Inda ya gaza shi ne wajen faɗin gaskiya duka. Afirkar da ke cikin waƙoƙinsa ta tunanin ƙuruciya ce, mai sarakuna da kyawawan mata da dare mai sanyi, ba a cika jin kukan yunwa a cikinta ba. Cikin littafin akwai doguwar waƙa a kan Shaka, sarkin Zulu, inda ya mai da shi mawaƙin da ya sadaukar da matar da ya ke so don ceton jama'arsa. Tsari ya yi kyau, amma an wanke jinin da tarihi bai wanke ba. Yabo yabo ne, ko na sarki mai rai ko na matacce.

Na biyu ɗan ƙaramin littafi ne na David Diop, saurayi mai shekara 29, ubansa mutumin Senegal, uwarsa ta Kamaru. Sunan littafin Coups de pilon, watau Bugun Taɓarya, kuma sunan ya dace da shi. Waƙoƙi 17 ne gajeru, ko wace tana sauka da ƙarfi a kan aikin tilas, da bulalar mai mulki, da baƙin mutumin da ya ari tufafin Bature da maganarsa har ya raina uwarsa. Inda Senghor ke lallashi, Diop duka ya ke yi. Waɗansu daga cikin waƙoƙin lissafin laifuffuka ne kawai, irin wanda jarida ma ta iya, waɗannan sun tsufa tare da mulkin da suka zaga. Amma inda ya sami hoton da ya dace, kamar inda ya kwatanta Afirka da itaciya mai sake tohowa a hankali, waƙar ta tsaya da ƙafarta, har yau kuwa 'yan makaranta na karanta ta a ƙasashe da yawa. Bai sami damar nuna iyakar baiwarsa ba. Ya tafi Gini aikin koyarwa bayan ta sami mulkin kai a 1958, sa'an nan cikin Agusta 1960 jirgin saman da ya ɗauko shi ya faɗa teku kusa da Dakar, ya rasu tare da matarsa, rubuce-rubucensa da ba a buga ba suka salwanta.

Akwai matsala guda da ta rataya a wuyan su biyun. Dukansu da harshen mai mulkinsu su ke waƙa, harshen da mafi yawan mutanen da su ke yi domin su ba su ji. Diop da kansa ya rubuta a shekarar cewa tilas ce ta jawo haka, kuma in Afirka ta sami 'yanci marubuci zai koma ga harshen uwarsa. Mulkin kai ya zo, Senghor ya shugabanci Senegal daga 1960 zuwa 1980, amma Faransanci bai sauka daga kujerarsa ba. Mai karatun da ya tashi ya tarar da waƙa rubuce cikin harshensa tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u ya kamata ya san ba ƙaramar gado ya samu ba. Duk da haka taron bai tashi a banza ba. Wani malami Bajamushe mai suna Ulli Beier ya halarta, ya koma Ibadan ya kafa mujallar Black Orpheus a 1957. A cikinta aka buga waƙoƙin Gabriel Okara da na Wole Soyinka, wanda ya ci kyautar Nobel a 1986.

Kwana Goma Sha Uku

Daga 23 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba al'amura suka taho a jere, kamar an shirya su don a gwada mudun nan biyu.

Ran 23 ga Oktoba ɗalibai suka taru a Budapest, babban birnin Hungari, a gindin mutum-mutumin wani mawaƙi mai suna Petőfi. Wannan ya tsara waƙar kiran jama'a a 1848, sa'ad da suka tayar wa mulkin Ostiriya, ya ɓace a fagen fama a 1849 yana da shekara 26. Wani ɗan wasan kwaikwayo ya hau ya karanta waƙar nan mai shekara 108, jama'a suka amsa, kafin gari ya waye an fara harbe-harbe. Ran 2 ga Nuwamba, cikin 'yan kwanakin da gari ya ke hannun masu bore, jaridar marubuta ta buga wata waƙa ta Gyula Illyés wadda ya ɓoye tun 1950. Sunanta Jimla Ɗaya a kan Zalunci. Doguwa ce, baiti na bin baiti, amma duk jimla ɗaya ce, ba wurin tsayawa. Abin da ta ke nunawa shi ne, zalunci bai tsaya ga bakin bindiga da ɗakin tuhuma ba. Yana shiga cikin gaisuwar maƙwabta, da murmushin dole, da amsar da yaro ke ba baƙo, har tsakanin miji da mata. Ginin waƙar da ma'anarta sun zama abu ɗaya, gama mai karanta ta ba ya samun inda zai numfasa, kamar yadda wanda ke ƙarƙashin azzalumi ba ya samu. Kuma bai ambaci sunan wani shugaba ko wata ƙasa ba, saboda haka ba ta da ranar tsufa. In za a zaɓi waƙa ɗaya da ta cika mudu biyun nan fal cikin shekarar, ita ce. Ran 4 ga Nuwamba tankokin Rasha suka shiga birnin. Mutum wajen 200,000 suka gudu daga ƙasar, aka ɗaure marubuta da dama, waƙar kuma ba a sake yarda a buga ta a Hungari ba sai 1986, bayan mai ita ya rasu da shekara uku.

Ran 25 ga Oktoba, ana cikin wannan, aka ba da sanarwa daga ƙasar Suwidin cewa kyautar Nobel ta adabi ta faɗa wa Juan Ramón Jiménez. Mutumin Andalus ne ta ƙasar Sifen, yankin da ya fid da Alfazazi mai Ishiriniya. An haife shi a garin Moguer a 1881. Shi ba mawaƙin siyasa ba ne. Rayuwarsa duka ya ƙare ta yana goge baitocinsa yana rage musu ado, kamar maƙerin farfaru. Littafinsa da aka fi sani, wanda ya fara fitowa a 1914, labarin wani ɗan jaki ne mai suna Platero, da yawon da su ke yi da ubangijinsa cikin gari, suna ganin 'ya'yan matalauta da marasa lafiya, har ranar da jakin ya mutu. Wani zai ce ina amfanin maganar jaki ana kashe mutane? Amsa ita ce, wanda ya koya wa yaro tausayin jaki ya rage azzalumi ɗaya a duniya. Shirunsa kuma ba na sayarwa ba ne, gama ya bar Sifen a 1936 da yaƙin basasa ya tashi, bai koma zama ƙarƙashin mulkin Franco ba. Aibinsa shi ne, waƙoƙinsa na baya sun juya ciki ƙwarai, suna maganar ransa kaɗai, har mai karatu ya ji kamar ya shiga ɗakin da ba a kira shi ba. Labarin kyautar ya same shi a tsibirin Puerto Rico, matarsa Zenobia na kwance ba lafiya. Bayan kwana uku ta rasu. Bai je karɓar kyautar ba, shi ma ya bi ta a 1958.

Ran 29 ga Oktoba Isra'ila ta auka wa Masar, Ingila da Faransa suka biyo baya, saboda Jamal Abdul Nasir ya karɓe mashigin Suwez cikin Yuli. Garin Bur Sa'id ya sha wuta. Mawaƙan Larabawa daga Bagadaza har Maroko suka zubo ƙasidu. Salah Jahin ya tsara wata da Larabcin kasuwa na Masar, a kan ɗaukar makami, Ummu Kulsum ta rera, ta game gari, har ta zama taken ƙasar daga 1960. Ta yi aikinta ranar da a ke bukatarta, wannan kuwa ba abin rainawa ba ne. Amma da aka yi sulhu da Isra'ila a 1979 sai aka sauke ta aka ɗora wata. Badar Shakir Assayyab na Iraƙi ma ya yi doguwar waƙa a kan Bur Sa'id. Shi da Nazik al-Mala'ika ne, tun 1947, suka fara sabon salo na riƙe ƙafar aruli amma a bar ɗango ya yi tsawo ko gajarta gwargwadon ma'ana. Yau in an ambaci Assayyab, waƙarsa ta ruwan sama a ke fara tunawa, wadda ta haɗa maraicinsa da yunwar manoman Iraƙi. Ta Bur Sa'id ta koma baya, domin zafin labari ne ya ɗauke ta, da labarin ya huce ita ma ta huce.

Wajen farkon Nuwamba kuma, a birnin San Francisco na Amurka, wani kantin littattafai mai suna City Lights ya fito da ɗan littafin Allen Ginsberg mai suna Howl, watau kururuwa. Ɗangayensa dogaye ne, ko wane gwargwadon numfashi guda. Yana kukan abokansa da hauka da ƙwaya suka lalata, yana kwatanta ƙasarsa mai arziki da wani gunki na dā wanda a ke yanka wa 'ya'ya. Wannan kashin na gunki yana da ƙarfi ƙwarai, kuma gaskiya ce mai ɗaci ga duk al'ummar da ta sa kuɗi gaba da mutum. Amma littafin cike ya ke da batsa, kuma sau da yawa ba a rarrabe ko kukan halaka ya ke yi ko tallarta. Cikin Maris 1957 ma'aikatan kwastan suka kama kofe 520, daga baya aka gurfanar da mai kantin, ran 3 ga Oktoba 1957 alƙali ya sallame shi, ya ce littafin na da amfani ga jama'a. Hukuncin alƙali ya nuna doka ba ta hana shi ba, bai nuna ko wane ɗango nasa ya yi kyau ba. Masu kamun kuwa talla suka yi masa, gama tun daga ranar ba a daina buga shi ba.

Abin da Awo Ya Nuna

In an tattara, mawaƙan shekarar sun kasu uku. Akwai waɗanda suka sayar da bakinsu, ko don kwaɗayi ko don tsoro. Waƙoƙinsu sun riga su mutuwa. Akwai waɗanda suka faɗi gaskiyar ranar da zafinta, kamar masu waƙar Suwez da Diop a waɗansu wurare. Sun yi wa jama'arsu aiki, sun cancanci godiya, amma rabin abin da suka rubuta ya tafi tare da ranar. Sa'an nan akwai waɗanda suka faɗi gaskiya, suka kuma yi haƙurin gina mata ɗaki mai ƙwari, irin su Akhmatova da Illyés da Faiz da Herbert. Uku daga cikin huɗun nan sun yi shekaru suna ɓoye abin da suka tsara, ba su san ko za a taɓa buga shi ba. Gwamnatocin da suka tsare musu hanya duk sun shuɗe, ita kanta Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991.

Wanda ya koyi karatu da girmansa ya sami mabuɗi, amma ba duk abin da aka buga a takarda ne ya cancanci a haddace ba. In waƙa ta zo hannunsa, ko ta yabo ce ko ta zambo, ko ta jam'iyyar da ya ke so ce, yana da kyau ya yi mata tambaya biyu. Ta fari, wa ya biya mai ita, kuma me zai same shi in ya faɗi akasin haka? Ta biyu, in an cire sunayen mutane da na garuruwa da ke cikinta, me ya rage? In abin da ya rage zai amfani jikansa wanda bai san rigimar ba, to, ya adana takardar inda gara ba za ta ci ba.